Ɗakin da Compaq ya ɓoye a cikin faifai

A shekarun 1990, kamfanin Compaq na Amurka bai ajiye manhajar saita BIOS ta wasu kwamfutocinsa na Deskpro a kan babban allon na'urar ba. Wani ɗan yanki ya keɓe a faifan ajiya, ya ɓoye ta can. A danna F10 lokacin kunnawa, ta bayyana. Wanda ya goge faifan kakaf kuwa, ya rufe ɗaki ne da makulli a ciki, sai ya nemo flofin kamfanin.

Yau manhajar tana kan allo, amma ɓoyayyen yanki bai tafi ba. Na EFI, mai kusan megabayit 100, shi ke tayar da Windows. Mai gyaran da ya raina ƙanƙantarsa ya share shi, kwamfutar ba za ta tashi ba.