Kraken da littafin da masu jira suka rubuta a zuci

Akwai wani rashin adalci da muke yi wa sabon littafi ba tare da mun lura ba, kuma masoyan marubucin ne suka fi kowa yin sa. Da zarar an sanar da ranar fitowa, an nuna bango, an saki 'yan layukan talla, sai kowa ya koma gefe ya fara rubuta nasa littafin a zuci. Kafin na gaskiyar ya iso kanti, na zucin ya riga ya kammala, kuma babu aibi ko ɗaya a jikinsa tunda ba a taɓa zuba shi a takarda ba. Ranar da aka buɗe shafin farko, da wancan ake auna wannan. Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne Kraken, wanda marubucin Ingila China Miéville ya fitar a watan Mayu na 2010. Ra'ayina shi ne, yawancin abin da aka kira laifin littafin a lokacin, shi ne ainihin aikin da ya zo yi.

A duba halin da ake ciki kafin fitowarsa. A 2009 Miéville ya fitar da The City & the City, labarin wani sufeton 'yan sanda mai suna Tyador Borlú da ke binciken kisan wata ɗaliba a birane biyu, Besźel da Ul Qoma. Biranen a kan ƙasa ɗaya suke, wani wurin ma titi ɗaya suke rabawa, amma tun ana yara ake horar da mutanen kowanne su kau da ido daga ɗayan kamar babu shi. Dabara ɗaya ce tak, ya riƙe ta gam daga farko har ƙarshe, cikin harshe tsuke irin na rahoton ɗan sanda. Ana dab da fitowar Kraken littafin ya ci kyautar Arthur C. Clarke, karo na uku ke nan ga Miéville bayan na 2001 da na 2005, abin da babu marubucin da ya taɓa yi kafin shi. Daga baya a shekarar ya raba kyautar Hugo da Paolo Bacigalupi. Mutanen da a da ba sa ko ɗaga littafin dodanni sun shigo layi, kuma ta wannan ƙofa suka shigo. Sai ga talla tana cewa sabon littafin labarin wani abu ne da ya ɓace daga gidan tarihi ba tare da an fasa ƙofa ba. Wa zai zargi wanda ya ɗauka cewa wani binciken natsattse ne ke tafe?

Shafukan farko ma sun ƙara wa wannan zato ƙarfi. Billy Harrow ma'aikaci ne a Cibiyar Darwin ta gidan adana tarihin halittu da ke Landan, yana zagayawa da baƙi, yana tanadar musu abin kallo mafi girma sai ƙarshe: gawar wata ƙatuwar dabbar teku mai hannuwa goma, wadda masana ke kira Architeuthis. Dabbar nan ba ƙirƙira ba ce. Tana nan a gidan tarihin, tsawonta mita 8.62, masunta ne suka kamo ta a 2004 kusa da tsibiran Falkland, aka shimfiɗe ta cikin ruwan magani a wani tanki da ya haura mita tara. A littafin, Billy ya buɗe ƙofar ɗakin, baƙi na bayansa, sai ya tarar da fili fayau. Babu dabba, babu ruwa, babu tanki, abin da ko za a motsa shi sai an rushe bango. Daga nan ne littafin ya kwance ɗamara. Wani reshen 'yan sanda na musamman mai kula da laifukan ƙungiyoyin asiri ya shigo. An aiko wa Billy ƙunshi, yana buɗewa sai wani tsohon makashi mai suna Goss da wani yaro da ba ya magana, Subby, suka warware daga ciki, nan take Goss ya haɗiye abokin Billy, Leon, ɗungurungum. Shugaban 'yan daban birnin kuwa ba mutum ba ne, zane ne mai magana da aka tsaga a gadon bayan wani bawan Allah. Sannan ga wata majami'a a ɓoye da ke bauta wa dabbar da aka sace. Duk wannan tun ba a yi nisa ba, a littafin da ya kusa shafi 500.

Nan ne wasu masu sharhi suka ce kaya sun yi wa jaki yawa. Ni kuwa ina ganin sun manta irin labarin da ke hannunsu. A tsoffin labaran al'ajabi, abin mamaki yana can nesa, sai an yi tafiya ake iske shi. Mai karatun Hausa ya san wannan tsari tun daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda sai da jarumin ya bar gida ya ratsa ƙasashe kafin ya kai ga abin da yake nema. Labarin al'ajabi na cikin birni ya juya lamarin: abin mamakin yana bayan shagon da kake wucewa kullum, kai ne dai ba ka duba ba. To idan birnin Landan ne, mai shekaru kusan dubu biyu, wanda kowace al'umma ta duniya ta sauke kayanta a cikinsa, ta yaya sirrinsa zai zama guda ɗaya tsaf? Besźel da Ul Qoma marubucin ne ya gina su, yana da ikon ya ba su doka ɗaya. Landan kuwa ya same ta ne a gine, da tarkacenta. Kasuwa ce ranar da take ci, kuma wanda ya shiga yana neman shiru da layi madaidaici, ba kasuwar ce ta yi masa laifi ba.

Kuma in an lura, babu abin da aka jefo haka siddan. Kowane abin al'ajabi a littafin yana da jijiya a wani abu na zahiri da ke birnin. Akwai wani tsohon dutse da ake kira Dutsen Landan, wanda a lokacin yake maƙale cikin bangon wani gini a titin Cannon Street, bayan 'yan sandunan ƙarfe, dubban ma'aikata na wuce shi kullum ba su ko waiga. Miéville ya ba shi masu tsaro, bokayen birni, waɗanda ke tsaga kwalta su duba hanjin gari kamar yadda bokayen Rumawan dauri suka riƙa duba hanjin dabbar yanka. Landan gari ne na ofisoshin jakadanci, don haka teku ma tana da nata, wani gida da ba ya da bambanci da na maƙwabta sai dai cike yake da ruwan gishiri, in kana da saƙo ka sa a kwalba ka tura. Gari ne na gidajen tarihi, don haka kowane gidan tarihi yana da mai gadinsa na ɓoye, an harhaɗa shi daga kayan da ke ajiye a ciki.

Wanda ya fi kowa tabbatar da hujjata shi ne Wati. Misirawan dauri suna binne mamaci da 'yan ƙananan mutum-mutumi, da nufin su tashi su yi masa noma da aikin ƙarfi a lahira. Wati ɗaya ne daga cikinsu, sai dai shi ya ƙi. Ya tayar da bore, ya dawo duniyar masu rai, yanzu shi ne shugaban ƙungiyar ƙwadago ta hadiman matsafa, kuma a lokacin da labarin ke gudana suna cikin yajin aiki. Ba shi da jiki, sai ya riƙa tsalle daga wannan gunki zuwa wancan a faɗin birni, yau yana magana ta bakin mutum-mutumin wani babban mutum a dandali, anjima ta bakin 'yar tsanar roba a aljihun wani. Abin dariya ne, babu shakka. Amma a tuna wanda ya rubuta shi: mutum ne da ya yi digirin digirgir a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, ya tsaya takarar majalisa a 2001 ƙarƙashin wata haɗakar 'yan gurguzu. Tambayar da sauran labaran sihiri ba sa yi ita ce ya yi: duk hidimar nan da aljanu da dabbobin matsafa ke yi, wa ke biyan su? Kuma bai tsaya a wasa ba, ya nuna yadda ake karya yajin aiki, da 'yan daba, da masu cin amana, da gajiyar da ke kama jagora idan mabiyansa suka fara sulalewa. Littafi mai dabara ɗaya ba zai sami wurin ajiye Wati ba.

Duk da haka ba zan ce masu ƙorafi ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Billy Harrow bai da gishiri sosai, ya fi kama da idon da aka ba mu aro mu yi kallo da shi. Tsakiyar littafin tana jan ƙafa, ana ta gudu daga maɓoya zuwa maɓoya, kuma akwai ƙungiyoyi biyu ko uku da za a iya cirewa ba tare da labarin ya ji a jikinsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki gajiyar tsakiyar a matsayin hujjar cewa duk tsarin kuskure ne. Rage kaya daban, sauya jaki daban. Rashin ƙarfin Billy ma yana da rabin uzuri, domin an kewaye shi da mutanen da suka fi shi rai, irin su 'yar sanda Collingswood mai bakin tsiya, da Marge, budurwar Leon, wadda ba ta da sihiri ko na ƙwandala amma ta shiga wannan duniya da ƙafarta don kawai ba wanda ya gaya mata inda saurayinta ya shiga.

Akwai wani ƙorafin da ya fi kusa da mu, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Mai karatu mai kishin addini zai iya cewa: littafi ne cike da masu bauta wa dabbar ruwa da masu jiran tashin duniya iri-iri, me ya kai ni? Wanda ya ga ya fi masa ya bar shi, hakkinsa ne. Sai dai a sani cewa littafin ba kira yake yi zuwa ga wata bauta ba, kuma abin mamaki, ba ba'a yake yi wa masu imani ba. Mutumin da ya fi kowa mutunci a cikinsa shi ne Dane Parnell, jarumin waccan majami'a, wanda shugabanninsa suka ce a zauna a zuba ido, shi kuwa ya zaɓi a kore shi da ya bar abin da ya yi imani da shi a hannun ɓarayi. Wanda ya fi ban tausayi kuma shi ne Vardy, malamin jami'a mai ba 'yan sanda shawara, wanda ya rasa imaninsa amma kewarsa ba ta bar shi ya huta ba. Ba zan ɓata wa kowa ƙarshen labarin ba, amma ba banza aka fara shi a ginin da ke ɗauke da sunan Darwin ba.

Za a iya ce mini na ɗora wa mai karatu laifi alhali kamfanonin ɗab'i ne ke hura wutar ɗoki, kuma wanda ya biya kuɗinsa yana da damar ya sa rai. Haka ne, kuma ɗoki ba abin kunya ba ne, shi ke sa a yi odar littafi tun kafin ya fito, shi ke riƙe marubuta a sana'a. Matsalar ita ce ɗokin da aka gina a kan littafi ɗaya na baya-bayan nan. Wanda ya duba tarihin Miéville gaba ɗaya zai ga bai saba maimaita kansa ba. The Scar na 2002 labarin teku ne da 'yan fashinta, Iron Council na 2004 ya ɗauki salon labaran kaboyi da jirgin ƙasa, na 2009 na 'yan sanda ne. Landan ta ɓoye kuwa tsohuwar gonarsa ce, tun daga littafinsa na farko, King Rat na 1998, zuwa Un Lun Dun na 2007 da ya rubuta wa matasa. Ke nan shaidar tana nan a fili cewa The City & the City ne ya fita daban, Kraken gida ya koma. A 2011 ya ci kyautar Locus ta littafin al'ajabi mafi kyau, kyautar da masu karatu ne ke kaɗa mata ƙuri'a, a shekarar kuma marubucin ya riga ya tsallaka wata duniyar da Embassytown, labarin wasu halittu da harshensu ba ya iya ƙarya.

Abu na ƙarshe da ke cutar da irin wannan littafi shi ne gaggawar makon farko, inda kowa ke son ya riga kowa gamawa ya rubuta ra'ayinsa. Turancin Kraken ba na gudu ba ne. Cike yake da karin maganar titin Landan, da kalmomin da marubucin ya ƙera da kansa, da zancen Goss wanda ke fitowa kamar sambatu alhali barazana ce tsagwaronta. Mai karatun da Turanci ba harshen gidansu ba ne zai sha wuya a babi biyar na farko, ko shakka babu, amma yana da wata riba da ɗan Landan ba shi da ita, domin shi ya riga ya saba tsayawa ya sake karanta jimla. Da ni ne editan littafin, da na yanke shafi hamsin daga tsakiya, na sallami ƙungiya ɗaya ko biyu, na bar ofishin jakadancin teku da yajin aikin Wati yadda suke.