Tsarabar Aboki: Gardamar da Wani Tsohon Fim Ke Tayarwa a Gidajenmu

A al'adarmu, wanda ya yi tafiya ba ya dawowa hannu rabbana. Ko goro ne, ko turare, ko ƴar hula, sai ya riƙo wa dangi da abokai. Kuma ba a raina tsaraba, ba a mayar da ita. A kan wannan kyakkyawar al'ada ce marigayi Moustapha Alassane ya gina wani ɗan gajeren fim a shekarar 1966, shekara shida bayan Nijar ta sami mulkin kai. Ya raɗa masa suna da Faransanci, Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Tsawonsa minti 34 ne kacal, amma duk lokacin da muka kalle shi tare da iyali, hirar da ke biyo baya takan fi fim ɗin tsawo. Wannan hira ce muke son kawo muku, ya ku ƴan'uwa masu karatu.

Ga yadda labarin yake. Wani saurayi da ake kira Jimmy ya dawo garinsu daga Amurka ɗauke da akwati. Da abokansa suka taru yi masa barka da zuwa, sai ya fito musu da tsarabarsu: kayan kaboyi cif, da malafa da dogayen takalma da libarba. Kowa ya karɓi nasa da murna. Daga sa kaya sai sauya suna: waɗanda jiya ake kira Kali da Ibrahim da Bubakar, yau sun zama Black Cooper da James Kelly da Casse-Tout, budurwar da ke cikinsu kuma ta zama Reine Christine. Suka hau dawaki suna kwaikwayon abin da suka saba gani a silima, har suka kai ga ɓarna da wawashe dukiyar mutane, ran jama'ar gari ya ɓaci, rikici kuma ya shiga tsakaninsu su kansu. Mai kallo yakan fara da ƙyalƙyala dariya, kafin ya farga dariyar ta tsaya masa a maƙogwaro.

Wanda ya shirya shi mutum ne mai yin abu da ɗan abin da ke hannunsa. An haifi Alassane a 1942, ya koyi aikin fim a Yamai tare da Bafaranshen nan Jean Rouch, ya kuma je Kanada ya ƙaro ilimin fim ɗin zane a wurin Norman McLaren. Ya daɗe yana zaune a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015, Allah ya jiƙansa. Ƴan wasan nasa samari ne da ba su yi makarantar wasan kwaikwayo ba. Cikinsu akwai Djingarey Maïga, wanda daga baya ya zama mai shirya finafinai, da Zalika Souley, wadda wannan ne fim ɗinta na farko.

Mun lura cewa ra'ayin ƴan kallo yakan rabu bisa shekaru da matsayi a gida. Dattawanmu su ne kan gaba wajen dariya, domin sun ga zamanin da finafinan kaboyi da na Indiya suka mamaye gidajen silima na garuruwanmu, kuma da yawansu, in an matsa musu, sukan yarda cewa su ma sun taɓa yin laƙabi irin wannan a unguwa. Amma da dariya ta lafa sai su gyara zama su yanke hukunci: laifin na baƙuwar al'ada ne, kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma zanen aro ba ya rufe katara. A ganinsu Alassane gargaɗi ya yi tun da sauran lokaci, ba a saurare shi ba.

Matasa kuwa sukan fara da ƙorafin cewa fim ɗin ya tsufa, tafiyarsa a hankali take. Sannan su juyo kan iyayensu da murmushi su ce ashe abin da ake zarginsu da shi game da wayar hannu, kakanni sun riga su yi da majigi. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda suke kare Jimmy. Sukan ce mutumin da ya je ƙasa mai nisa bai manta da abokan yarintarsa ba, ya kashe kuɗinsa ya tuna da kowa ɗaya bayan ɗaya, ta yaya za a kira shi mugu? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu taɓa jin dattijon da ya rushe ta gaba ɗaya ba.

Iyaye mata su kuma wata kusurwa suke dubawa. Tambayarsu ta farko ita ce, su wa suka ɗanɗana kuɗar wannan wasa? Talakawan da aka taɓa wa dukiya, da iyayen da aka zubar wa mutunci a gari. Tambayarsu ta biyu ta fi zafi: me ya sa duk lokacin da ake hirar, samari da yawa ne suka yi ɓarnar, amma bakin mutane ya fi kaifi a kan mace guda da ke cikinsu?

Wannan tambaya tana da tarihi a bayanta. Zalika Souley, wadda aka haifa a 1947, ta ci gaba da fitowa a finafinan Nijar, har da Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1972. Sau da yawa matsayin mace mai taurin kai ko mai mugun hali ake ba ta, sai jama'a da dama suka ɗauka halinta ke nan na gaskiya, ta sha zagi da tsangwama. Rahmatou Keïta ta nuna wannan a fim ɗinta na 2004 mai suna Al'lèèssi, inda aka ga irin ƙuncin rayuwar da tsohuwar ƴar wasan ta shiga bayan harkar fim ta durƙushe a ƙasar. Ta rasu a 2021. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka tsangwame ta sun faɗa ramin da su Black Cooper suka faɗa: su ma sun kasa bambanta abin da ke kan bango da abin da ke ƙasa. Ashe ra'ayin ɗan kallo ba iska ba ne mai wucewa. Yana iya ɓata wa baiwar Allah suna tsawon rayuwarta.

Mu dai, bayan mun saurari kowane ɓangare, muna ganin zuciyar fim ɗin tana wurin buɗe akwatin nan. Matasa sun yi gaskiya, Jimmy ya zo da ƙauna. Dattawa ma sun yi gaskiya, abin da ya zo da shi bai dace da garin ba. Wurin da abota ta gaza shi ne, kowa ya miƙa hannu saboda na kusa da shi ya miƙa. Saurayi guda sanye da malafa da libarba abin dariya ne kawai a kasuwa, yara su bi shi da ihu ya koma gida ya tuɓe. Da suka zama gungu, kowa na kallon idon ɗan'uwansa yana jin kunyar ja da baya, sai wasa ya zama gaske. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma mukan manta cewa maɗaukin kanwar sau da yawa masoyinmu ne, kuma shi ya sa faɗa masa "a'a" ke da wuya.

Wannan wuya ba ta san shekaru ba. Magidanci yakan shiga bashin biki domin abokai sun yi nasu da ƙasaita. Uwargida takan ɗauki ankon da ya fi ƙarfin aljihun gidanta domin kada ƙawaye su ce ta ware. Ɗalibi yakan bi ayarin da ransa bai kwanta da shi ba don gudun a kira shi matsoraci. Kowannenmu akwai akwatin da aka taɓa buɗewa a gabansa.

Don haka shawararmu ga magidanta ita ce, in kun sami wannan fim, ku kalle shi tare da ƴaƴanku, ku bar su su yi dariyarsu, kuma ku bari su riga ku magana. Kada a yi saurin mayar da zaman wa'azi. A tambaye su kawai: da kai ne aka miƙo wa malafar nan, kuma amininka ne ya miƙo, me za ka ce masa, da wane irin lafazi, yadda zai fahimta ba tare da zumunci ya yanke ba? Amsar da za su bayar za ta sanar da ku abubuwa da yawa game da abokansu. Allah ya haɗa mu da ƴaƴanmu da abokan kirki, masu iya gaya mana gaskiya cikin ƙauna.