Warin Fetur a Unguwar Kanawa

In ka bi titin Ali Akilu za ka Kawo, ɗan tsaya a Unguwar Kanawa ka leƙa garejin bakin hanya. Wataƙila ka tarar da tsohuwar Peugeot 504, haɗin Kakuri, an sake tayar da ita da kayan Panteka, tana warin fetur. Kalli makanike: zai kashe injin, ya kori mai sigari, ya goge filtar mai ta bushe, sannan ya nemi inda take yoyo. Galibi tiyo ne ya tsage, ko kilif ya saki. In taka ce, kada ka yarda a ɗaure da leda, a canza. Fetur a kan salansa mai zafi gobara ce, ga yaranka a kujerar baya.