Takardun mota kafin kuɗin mota

Mai sayen mota ta hannu yakan ɗauki bakanike ya je ya saurari inji, ya gwada giya, ya leƙa ƙarƙashi, amma takardu sai bayan kuɗi sun fita ake miƙo masa su a ambulan. A ganina an sa na gaba a baya. Inji in ya lalace gyara shi ake yi, amma motar da aka gano ta sata ce, ko ba a biya mata kuɗin kwastam ba, gaba ɗaya ake tafiya da ita, wanda aka kama ta a hannunsa kuma shi zai fara amsa tambaya. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, amma motocin Kwatano ba su daina ratso daji ba, da yawansu riƙe da takardun jabu.

Saboda haka ganin takarda da ido bai wadatar ba. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, dole ta zama iri ɗaya a jikin mota, a takardar kwastam da ta mallaka; in ka ga alamar kankara ko sabon walda a wurin, ka haƙura da cinikin. A kai lambar shasin zuwa ofishin kwastam su tabbatar, a duba lambar mota a rumbun bayanan hukumar kiyaye haɗurra, a bincika rajistar motoci ta 'yan sanda. Sunan da ke takarda kuma ya dace da katin shaidar mai sayarwa. In ya ce ta yayansa ce, to yayan ya zo ya sa hannu.

Na san abin da ke hana mutane: kunya. Dillalin ɗan unguwa ne, mai motar dattijo ne, sai a ga kamar neman takarda zargi ne. Amma dattijon nan shi ma saya ya yi, kuma mai yiwuwa shi aka fara cuta bai sani ba. Binciken yana kare mutuncinsa kamar yadda yake kare kuɗinka. Addininmu ma ya yi umarni da kafa shaidu a ciniki, ko tsakanin mutanen kirki. Masu cewa wani zai riga su saya kuwa, su lura cewa wannan gaggawar dillali ne yakan hura ta, shi da la'adarsa kawai yake jira. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a sauya sunan mallaka nan take, domin muddin sunan tsohon mai ita na kan rajista, shi hukuma ta sani.