Ziyarar Maharba a Dogon Dutsi da Lugu

Garin Dogon Dutsi yana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi, kusan kilomita 280 gabas da Yamai, cikin jihar Doso. Sunan nan ba a banza aka sa shi ba, domin tun daga nesa matafiyi zai hangi jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai sun tsaya bayan gari kamar ganuwa. Wannan ƙasa ita ake kira Arewa, mutanenta kuwa Arawa, don haka kada masu karatu na nesa su ɗauka Arewacin Nijeriya muke nufi. Zabarmawa suna ce musu Mawri, kuma daga nan aka sami sunan Dallol Mawri, wato tsohuwar hanyar kogi da ta ƙafe tun zamanin da, wadda har gobe ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashinta. Albarkacin ruwan nan ne garin ya yi suna wajen noman dankalin turawa da rani. Mu dai ba dankali ya kai mu ba. Mun je ne mu ga yadda maharban ƙasar suke haɗa kwari da baka da hannunsu, da kuma abin da ya rage musu na harbi a dawa.

Kafin a isa Doso ana wucewa ta Kure, inda raƙuman dawa suke kiwo kusa da gonakin mutane. A 1996 kimanin 50 kaɗai suka rage, saboda fari da harbi, amma da aka tsare su sai suka hayayyafa har suka haura 600. Mun ambace su ne don mai karatu ya san tun da wuri cewa zamanin harbin manyan namun dawa ya wuce a wannan yanki. Abin da maharbi yake nema yau shi ne zomo, da zabon daji, da makwarwa, da kurege, da gafiya, da damo, in an yi sa'a ƙwarai a sami gada.

Kibiya daga maƙera take farawa. A da maƙeran ƙasar nan da kansu suke narka tama su fid da ƙarfe, amma wannan aiki ya mutu tun da ƙarfen Turawa ya cika kasuwa. Maƙerin da muka zauna a rumfarsa, da guntun rodi da manyan ƙusoshi da tsohon sifirin na mota yake aiki, ƙananan kibau kuwa wayar ƙafar babur ta ishe su. Yaro na zuga zugazugi, gawayin ƙirya na ci, don shi ne gawayin da maƙera suka fi so saboda zafinsa da jimirinsa. Idan ƙarfe ya yi ja sai ya ɗauko shi da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya buga gaban ya yi faɗi kamar ɗan ganye, ya ja bayan ya yi siriri kamar tsinke, wanda shi ne zai shiga cikin kara. Sa'an nan ya zo wurin da gwaninta take, wato fid da kunne. Da ɗan kurfi yake tsaga gefen ƙarfen ya tayar da shi baya, wata kibiyar kunne biyu, wata huɗu, yadda in ta shiga jiki ba ta fita ta inda ta shiga. Wadda ba a yi wa kunne ba ita ce tsiko. Wuyan kibiyar kuma yakan murɗa shi ko ya yi masa zarto-zarto, don abin da za a shafa ya sami wurin kamawa.

Mun lura cewa maƙeri ba ya haɗa kibiya. Kai kawai yake sayarwa, sauran aikin na maharbi ne, kuma kowane maharbi ya fi yarda da haɗin hannunsa. Karan da ake amfani da shi shi ne kyauro, wanda mutanen nan suke cewa kyamro, wata doguwar ciyawa mai ƙarfin kara da ke fitowa a fadama. Bayan kaka ake yankan shi, a bar shi ya bushe a inuwa, wanda ya karkace a gasa shi kaɗan a bakin wuta a miƙe shi da hannu. Tsawon kibiyar bai cika wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori ba. Ana cusa wutsiyar ƙarfen cikin ɓargon karan, a naɗe wurin da jijiya ɗanya, wadda in ta bushe takan ƙara matsewa, a shafe da ƙaro ko kakin zuma. Can ƙarshen karan kuma a yi 'yar tsaga inda tsirkiya za ta zauna, shi ma a naɗe shi don kada ya tsage.

Wanda ya saba ganin kibau a fim ɗin Turawa zai yi mamaki, don kibiyar nan ba ta da gashin tsuntsu a gindi. Nauyin ƙarfen da ke gaba shi ne ke miƙar da ita, karan kuwa ba shi da nauyi, bin sa kawai yake yi. Wannan ya sa ba ta da kyau a harbin nesa, kuma shi ya sa duk ilmin maharbi ya tattaru a kan yadda zai matso kusa da nama ba tare da an ji shi ba.

Bakan kansa icen dargaza ne ko na ɗunɗu, itatuwan da ke lanƙwasa ba su karye ba. Ana fere shi, a gasa, a riƙa shafa masa mai har ya yi santsi ya yi duhu. Wani baka da aka nuna mana, mai shi ya ce na kakansa ne, kuma duk wanda ya ga yadda hannu ya cinye tsakiyarsa ba zai yi musu ba. Tsirkiya ta fata ce, an yanka ta siririya an murɗa, sai dai mun ga samari sun koma wa igiyar leda irin ta masunta, wai ita ba ruwanta da raɓa. Gaskiyarsu ce ta wannan fuska, don tsirkiyar fata in ta sha danshi takan saki. Kwari kuwa kurtun ice ne ko gora da aka rufe da fata, yana da murfi da maratayi, kuma da wuya ka ga wanda ba a rataya masa layu ba.

Yaro ba ya farawa da kibiya mai ƙarfe. Da kunda yake farawa, wato kara marar kai, ko wanda aka sa wa ɗan dunƙulen ice, yana harbin kurciya da ƙadangare a bayan gida. Manya ma ba su raina kunda ba in tsuntsu suke nema, don tana buge shi ya faɗo ba ta ɓata naman ba, kuma ba ta kafewa a reshe a yi asararta. A nan ya kamata a bambance maharbi da mafarauci, ko da yake mutanen birni sukan haɗa su. Mafarauta su ne masu fita da rani ƙungiya-ƙungiya, da karnuka da gora da ƙere, ana kiɗa ana kirari, zomo ya tashi kowa ya bi, ai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Maharbi kuwa shi kaɗai yake shiga dawa, ko shi da ɗansa, da asuba ko da la'asar sakaliya, kuma sana'ar gado ce mai shugabanta, Sarkin Baka.

Cikin kayansu babu wanda ya ɗauki hankalinmu kamar burtu. Kan tsuntsun nan ne, ko kuma ice da aka sassaƙa da siffarsa aka rufe da baƙar fata, maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin tufa, ya duƙa yana tafiya yana kaɗa kai kamar mai caccakar ƙasa. Zabi da gada sun saba kiwo tare da burtu, saboda haka ba su gudu. Wani dattijo ya gwada mana a tsakar gida, yara na ta dariya, amma da muka ja baya muka dube shi daga bakin ƙofa, wallahi sai wanda aka gaya wa ne zai ce mutum ne.

Maganar dafi kuwa ba a sakin baki da ita, kuma mu ma ba mu matsa ba. Abin da kowa ya sani shi ne uwar dafin ƙasar Hausa ita ce kwankwani, wata shuka mai yaɗo wadda 'ya'yanta ke ɗauke da sinadarin da ke tsayar da zuciya in ya shiga jini. Da yake ba ya shiga jiki sosai ta hanyar ciki, maharba kan yanke wurin da kibiya ta kama su yar, su ci sauran. A ganinmu zomo da zabo ba su bukatar dafi, tsiko mai kaifi ya ishe su, kuma kwari mai dafi a gidan da yara ke rarrafe abin tsoro ne. Tsofaffin da kansu sukan ware kibau masu dafi, su naɗe kawunansu, su rataye kwarin can saman ɗaki.

Daga Dogon Dutsi muka nufi arewa maso gabas zuwa Lugu, ta hanyar rairayi da burji. Ƙauye ne ƙarami, wanda ba a gaya wa ba zai wuce shi bai waiwaya ba, alhali kuwa nan ne mazaunin Sarauniya ta Azna, kuma nan ne dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa ƙara tun kaka da kakanni. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Bule da Shanuwan, wadda ta taso tana ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, ta iso nan. Sarauniya Mangu ba ta miƙa wuya ba. Mutanenta suka tare su da kwari da baka, suna fakewa cikin sarƙaƙiya, har Faransawa suka rasa mutum 4, aka yi wa 6 rauni, kafin mutanen gari su janye cikin dawa. Rundunar ta wuce ta yi ɓarnar da ba a mantawa a Birnin Ƙonni, kuma a watan Yuli na shekarar sojojinsu suka kashe shugabannin biyu a yankin Tasawa. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waɗanda suka yi harbin nan manoma ne da maharba, da irin bakan da suke neman abin miya da shi.

Sai dai sarƙaƙiyar da ta ɓoye su, yau sai an neme ta. Mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba a 1960, yanzu kuwa sun haura miliyan 25, kuma kowa gona yake so. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dama, saura ta zama gona, fadamun da kyauro ke fitowa sun zama lambuna. A kan hanyar Lugu gona ce ke bin gona, sai a gindin duwatsu ake ganin geza da sabara sun yi ɗan duhu, kuma nan ne zabin daji suka koma. A ƙasashen Azna akwai al'adar buɗin daji, wadda kafin a yi ta ba a fita farauta, wato dai namun dawa suna da watannin da suke hutawa su haihu. Gwamnati ma ta kafa dokar farauta da kare namun daji a 1998, ma'aikatan gandun daji ne ke lura da ita. Amma doka ba ta mai da dajin da aka nome, kuma mai bindiga da fitila a kan babur zai kwashe cikin dare ɗaya abin da maharbi zai yi wata yana bi.

Duk da haka baka bai fita daga hannu ba, kuma dalilin a fili yake. Harsashi da kuɗi ake saye, ya kuma ƙara tsada tun da aka karya darajar sefa a 1994, kibiya kuwa in ta kuskure sai a je a ɗauko ta. Ba ta da ƙara, don haka in an harbi zabo guda sauran ba su watse su bar yankin ba. Makiyaya ma suna rataya kwari saboda ɓarayin dabbobi, masu lambu kuma saboda kurege da gafiya.

Da muka koma wurin maƙerin don mu karɓi kawunan kibau da muka sa ya yi mana, mun tarar rumfar cike da hauya da lauje da bakin garma, kawunan kibau kuwa 'yan kaɗan ne cikin wani tsohon gwangwanin tumatir. Ya ce sai bayan kaka ake nemansu, yawancin masu sayen kuma furfura gare su. Kyauron da za a haɗa su da shi ma, a bana daga wata fadama can kudu, wajen iyakar Nijeriya, aka kawo shi a ɗaure bayan babur.