Baƙon Da Ya Ƙi Fitowa

Ni akawu ne, aikina rubutu da lissafi, amma ina da 'yar gona a wajen Kura. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwa ta kanal zuwa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, noma ya zama na rani da damina. Inda shinkafa ta yi yawa ɓera ya kan yawaita, inda ɓera ya ke kuwa nan maciji ke biyo shi.

Wata rana da kaka, wani tsohon gardi maƙwabcinmu ya tsinci ɗan mesa a bakin kanal, tsawonsa kamar kamu guda. Autana ya yi ta roƙo har tsohon ya ba shi, bayan ya tabbatar mana mesa ba ta da dafi. Uwargida ta ce ko ita ko maciji a gidan. Da ƙyar aka yi sulhu, aka sa shi cikin akwatin katako a zaure, aka huhhuda murfin, aka zuba yashi da busasshiyar ciyawa.

Ana sa shi sai ya kutsa ƙarƙashin ciyawa. Kwana uku bai leƙo ba. Yaro ya damu, har tuwo ya ƙi ci. Ni kuma kullum da safe sai in buɗe akwati, in sa kara in tono shi, in jawo shi cikin haske in duba ko yana da rai. Sai ya yi huci, ya kai sara a iska, ya koma. Muka ba shi ɗan ɓera, ko kallo bai yi ba. Na ce lalle mutuwa za shi yi, na je na kira gardi.

Da tsohon ya ji yadda na ke yi, sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai kai ne ciwonsa. Ka taɓa ganin amarya ta buɗe kai ran da aka kawo ta? Wannan yaro ne. A daji shaho na nemansa, tunku na nemansa. Hannun da ya sauko masa daga bisa, a ganinsa ƙafar shaho ce."

Ya ɗauko fasasshiyar tukunya gida biyu, ya kife guda a gefen da rana ke ɗumamawa, guda a gefen sanyi, domin jikin maciji ba ya yin ɗumin kansa, daga wurin da ya kwanta ya ke samu. Ya ajiye kaskon ruwa a tsakani. Ya ce kwana bakwai kada kowa ya taɓa.

Muka yi haƙuri. Daren kwana na takwas muka haska tocila a hankali, sai ga shi ya fito, yana kewaya akwati, yana zaro harshe, watau yana sansanar wurin. Kashegari ya haɗiye ɓera, ya sake ɓuya. Gardi ya ce a bar shi kwana biyu, in an dame shi sai ya amayar. Bayan 'yan makonni idonsa ya yi hazo, ya sake shigewa, ashe saɓa za shi yi.

Daga baya na karanta cewa a Amurka akwai wani da su ke kira macijin masara, don a kan same shi gun rumbun masara yana farautar ɓera. Ba shi da dafi, mutane da yawa suna kiwonsa cikin ɗaki. In an ƙyanƙyashe shi tsawonsa kamar ƙafa 1 ne, in ya girma ya kai ƙafa 4 ko 5. Shawarar da a ke ba wanda ya sayi ɗansa ita ce ta tsohon nan: maɓuya biyu, da ruwa, da kamar mako guda ba taɓawa.

To, kai mai karatu, ban ce ka kama maciji ka kawo gida ba. Ɗan kasa da ɗan mesa su kan rikita wanda bai sani ba, kuskure guda kuwa ya isa. Abin da na ke so ka riƙe shi ne, maciji ɓuya ya ke nema, ba faɗa ba. Tarin damin shinkafa, da ramin ɓera, da ciyawar bakin kanal, su ne tukunyarsa. Yawancin sara sai an taka shi, ko an zura masa hannu. Kafin ka ɗaga dami ka buga shi da sanda. In za ka ban ruwa da dare, ka sa dogon takalmin roba, ka riƙe tocila. In kuwa tsautsayi ya auku, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A kwantar da mutum, a kai shi asibiti maza a yi masa allurar maganin dafi.

Bayan wata uku muka yi shawara, tun da mesa ta kan wuce ƙafa 12, kajin uwargida kuwa ba su da laifi. Muka kai shi daji nesa da gari, yaro ya buɗe akwati da hannunsa. Bai ko waiwaye mu ba, ramin da ya fara gani shi ya shige. Yaro ya share hawaye, ya ce, "Baba, a bar shi, baƙo ne."