Daga Portland Zuwa Tekun Fasifik Neman Kifin Koho

Da misalin ƙarfe 3 na yamma, bayan an sauko Juma'a, muka bar birnin Portland na jihar Oregon a Amurka. Mu uku ne a motar: ni, da mai masaukina, wani mutumin Yawuri da ya daɗe yana aiki a can, sai maƙwabcinsa, wani dattijon Bature da ya yi ritaya. Motar dattijon ce, haka ma jirgin da muke jaye da shi a baya, ɗan ƙarami na alminiyam, tsawonsa ƙafa 20. Watan Yuli ne, lokacin kamun koho, ɗaya daga cikin jinsunan kifin salmon, kuma tun da na sauka garin mai masaukina yake cewa ba zan koma gida ban ga yadda ake kama shi ba.

Daga Portland zuwa Newport, garin bakin teku da muka nufa, kimanin kilomita 215 ne. Muka yi kudu a kan babban titin I-5, muka ratse ta Corvallis, daga nan muka kama hanya mai lamba 20 wadda ta yi yamma. A nan tafiyar ta sauya kama. Titin ya shiga cikin tsaunuka, itatuwa dogaye sun rufe hagu da dama, sai can ka ga gefen tsauni guda an aske shi ƙwal, kututture kawai ya rage. Manyan motoci ɗauke da gungume suna ta wuce mu. Dattijon ya nuna mini wani rafi a ƙasan hanya, wanda ɗan yaro ma zai iya tsallakewa, ya ce a irin waɗannan ake haihuwar kifin da za mu nema gobe. Ban fahimce shi ba sai washegari.

Saboda jirgin da muke ja, tafiyar ta ci mana awa uku da rabi. Mun baro Portland ana zafi, gumi nake yi, amma muna isa Newport na nemi rigar sanyi, domin iska ce mai sanyi ke busowa daga teku, ga hazo. A wani shagon kayan kamun kifi na sayi lasisin yini ɗaya a kan dala ashirin da 'yan kai. Ɗakin kwana muka raba da mai masaukina, kowa ya ba da dala 70. Rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe 9, isha'i ta kai mu kusan 11, asuba kuma kafin ƙarfe 4. Alƙibla a nan wajen arewa take, ta ɗan karkata gabas, sai da na duba waya sau biyu kafin na yarda. Barcin da na samu bai kai awa huɗu ba.

Ƙarfe 5 da rabi muka tura jirgin cikin ruwa a South Beach, muka bi ta ƙarƙashin gadar Yaquina, wadda aka buɗe a 1936. Kafin mu tashi sai da dattijon ya saurari rediyo ya ji abin da dakarun tsaron gaɓar teku suka ce game da bakin mashigar, wato inda ruwan kogi ke karo da na teku a tsakanin wasu dogayen katangun duwatsu biyu. In wurin ya yi fushi, hana ƙananan jirage fita ake yi, ko daga ina mutum ya taso. Ya sa kowa ya ɗaura rigar kariya daga nutsewa. Ya ce sanyin ruwan nan bai wuce digiri 12 ba, wanda ya faɗa ciki hannuwansa za su sage tun kafin ya gaji da iyo.

Na sha shiga kwale-kwale a kogin Neja, amma wannan daban ne. Ruwan ba ya gudu, kumbura yake yi. Sai ya ɗaga jirgin sama a hankali, ya sauke shi cikin kwari har ka daina ganin ƙasa. Ba mu yi rabin awa ba jiri ya kama ni, zuciyata ta tashi, na yi amai sau biyu. Mai masaukina ya ce, "Malam, daina kallon cikin jirgi, kafa idonka can inda sama ta haɗu da ruwa." Na bi shawararsa, na ɗan samu sauƙi, ko da yake jirin bai sake ni gaba ɗaya ba har muka dawo.

Da muka yi nisan kamar kilomita 10 daga gaɓa, dattijon ya kashe babban inji ya tayar da ƙarami. Ba a tsayawa wuri ɗaya a jefa fatsa a jira. Jirgin ne ke tafiya sannu, saurinsa bai fi na mai sassarfa ba, yana jan ƙugiyoyi a baya. Kowa da sandar fatsarsa guda, an soke ta a gefen jirgi. A jikin zaren akwai wani ɗan faifai mai nauyi da ke nutsar da shi, sai wani falle mai ƙyalli da ke jujjuyawa kamar kifi na gudu, sannan ƙugiya da aka saƙala wa ɗan ƙaramin kifi dangin sardin. Koho ba ya nisa ƙasa, yawanci a mita goman farko yake kiwo, saboda haka ba mu saki zare da yawa ba. Ido kuma yana kan tsuntsaye, da kan layin kumfa da ciyayi inda ruwa biyu suka haɗu, don nan ƙananan kifaye ke taruwa, manya su biyo su.

Awa ɗaya da wani abu shiru. Sai sandata ta lanƙwashe ta hau rawa. Na fizge ta, na fara naɗe zare, kifin ya yi tsalle sama da ruwa, fari fat kamar azurfa, ya sake nutsewa, ya yi kan jirgin a guje har zaren ya saki. Na ɗauka ya tafi. Da ƙyar na kawo shi gefen jirgi, hannuna na karkarwa, ina jiran a sa homa a kwaso shi.

Dattijon bai taɓa homar ba. Ya leƙa, ya dubi bayan kifin, ya sa filaya ya zare ƙugiyar tun yana cikin ruwa, kifin ya yi ƙasa abinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Zai kai kilo huɗu, kuma shi ne na farko da na taɓa kamawa a teku.

Sai ya yi mini bayani. Tsakanin babban fiffiken baya da wutsiya akwai wani ɗan tsiron nama. Kifin da aka ƙyanƙyashe a gidajen kiwo, yawancinsu na yankin kogin Columbia, ana yanke masa wannan tsiro tun yana ƙarami kafin a sake shi. Wanda aka gani da tsironsa ɗan daji ne, a rafi aka haife shi, kuma a wannan zango na kamun doka ta ce a mayar da shi. Shi ya sa ma ake matse ɗan haƙorin ƙugiya da ke hana kifi zamewa, don a cire ta ba tare da an yaga bakinsa ba. Koho yakan yi shekara ɗaya da wani abu a rafi, ya sauka teku ya yi kamar shekara ɗaya da rabi, sannan ya koma rafin da aka haife shi, ya zuba ƙwai ya mutu. A da, waɗanda ke komawa kogunan gaɓar Oregon sun haura miliyan ɗaya a shekara. Sare dazuzzuka ya bar rafuka a rana, ruwansu ya yi ɗumi, laka ta binne tsakuwar da ake zuba ƙwai a ciki, ga kamu ba iyaka. Suka ragu ƙwarai, har a 1998 gwamnatin tarayya ta sa su cikin halittun da ke fuskantar barazana. Nan take na tuna tsaunukan jiya da ɗan rafin nan.

Abin bai kamata ya zame mini baƙo ba. A Argungu ma ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai ranar biki, kuma Kabawa sun san dalili. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a tsakiyar hazo muke, babu jirgin hukuma ko ɗaya a kusa, amma dattijon ko jinkiri bai yi ba. A ganina ya yi daidai, duk da cewa a lokacin ban ji daɗi ba.

Zuwa ƙarfe 11 kifi tara suka kama ƙugiyarmu. Biyu sun kuɓuce, huɗu 'yan daji ne muka sake su, uku muka riƙe, alhali doka ta yarda wa kowane mutum biyu a yini. Duk wanda aka riƙe sai an buɗe bakinsa: farin dasashi na koho ne, baƙi kuwa na babban ɗan'uwansa ne, shinuk, mai tasa dokar daban. A take ake rubuta shi a takardar lasisi, a zubar da jininsa, a sa shi cikin ƙanƙara. Iskar arewa ta fara ƙarfi, muka juyo.

A bakin tasha wata ma'aikaciyar hukumar kifi da namun daji ta jihar ta tare mu. Ta tambayi nawa muka riƙe, nawa muka sake, ta goga wata na'ura a hancin kowane kifi tana neman ɗan guntun waya da ake dasa wa wasunsu don a san gidan kiwon da suka fito. Ba ta karɓi ko sisi ba. Na ba dattijon dala 40 kuɗin mai, ya karɓa bayan na matsa. Da na haɗa lissafi, abin da na kashe ya fi kuɗin kifin a kasuwa, kuma haramun ne a doka mai irin wannan lasisi ya sayar da abin da ya kama. A gida su sana'a ce, a wurin waɗannan mutane kuwa hutu ne da suke tara wa kuɗi.

Hanyar dawowa barci na yi tun daga Newport har Corvallis. Mun shiga Portland ƙarfe 6 na yamma, ƙasa na ci gaba da yi mini lilo a ƙarƙashin ƙafa. Uwargidan mai masaukina ta gasa guda ɗaya da yajin ƙuli, namansa ja ne kamar manja, sauran biyun aka raba wa maƙwabta.